Ruwanda, Maldibi, Morishas ko Seshel: wacce ta fi sauƙin shiga ga mai yawon buɗe ido?

Ƙasashen nan huɗu duk ƙanana ne, kuma masu shirya tafiye-tafiye suna tallata su da magana ɗaya: ba sai ka je ofishin jakadanci neman biza ba. Haka ne, amma kowaccensu tana tantance baƙo, kuma inda ake yin tantancewar shi ya bambanta su. Seshel tana yanke maka hukunci ta intanet kana zaune a gida. Morishas sai ka tsaya gaban jami'in shige da fice, bayan ka kwana a hanya ka kuma riga ka biya kuɗin jirgi. Maldibi ta fi kula da inda za ka kwana da ko ka biya. Ruwanda ce ta fi su sassauci nesa ba kusa ba. Wannan bambancin shi ke nuna maka abin da ya kamata ka fara biya, da abin da za ka yi asara idan aka ce a'a.

Kuma fasfo ba ɗaya ba ne. Bahaushen Kano da na Maraɗi da na Zangon Kumasi za su iya hawa jirgi ɗaya, su sauka filin jirgi ɗaya, kowa ya fito da adadin kwanaki daban a hatiminsa.

Ruwanda

Faɗinta murabba'in kilomita 26,338 ne, ba ta da teku, tsaunuka da tabkuna ne arzikinta. Tun 1 ga Janairun 2018 take bai wa ɗan kowace ƙasa biza a bakin shiga, sannan a 2020 ta yafe kuɗin bizar kwana 30 ga 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka, da na ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, da na ƙungiyar masu magana da Faransanci. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Kamaru yana samun kwana 30 kyauta. Mai na Gana ko Chadi yana da kwana 90 saboda yarjejeniyar da ke tsakanin gwamnatocin. Waɗanda ba su cikin waɗannan rukunan su ne ke biyan dala 50 na shiga sau ɗaya, ko dala 70 na shiga da fita na tsawon kwana 90.

Babu fom ɗin da ya zama dole ka cike kafin ka tashi. Akwai shafin gwamnati mai suna Irembo da ake neman biza ta cikinsa, amma ɗan Afirka da zai yi mako biyu ba ya bukatarsa. Don haka duk ejan da ya saka maka "kuɗin bizar Ruwanda" a lissafi, kuɗin iska ya caje ka. A kantar filin jirgin Kigali tambayoyi uku ne galibi: me ya kawo ka, ina za ka sauka, yaushe za ka koma. A ɗauki hotonka da zanen yatsa, a buga hatimi. Fasfo dai ya kasance da sauran wata shida kafin ya mutu.

Abin da ke kama mutanenmu a Kigali leda ce. Ƙasar ta haramta ta tun 2008, kuma ana aiki da dokar. Akwatin da aka naɗe da leda a filin jirgin tashi za a yanke ledar a bar ta nan, haka baƙar ledar da aka ƙulle yaji ko dabino a ciki. A zuba irin waɗannan a roba mai murfi ko jakar yadi tun daga gida, an huta da kwance kaya a gaban jama'a.

Akwai wata biza da ake yawan tallatawa, ta yawon buɗe ido ta Gabashin Afirka: dala 100, kwana 90, ta haɗa Ruwanda da Kenya da Yuganda, da sharaɗin ka fara shiga ta ƙasar da ta ba ka ita. Ga Bature ciniki ne mai kyau. Ga ɗan Najeriya lissafin bai fita ba, tunda Ruwanda kyauta ce gare shi, Kenya kuma ta cire wa mafi yawan 'yan Afirka sharaɗin neman izinin shiga a 2025, saura Yuganda wadda bizarta ta shiga sau ɗaya dala 50 ce. Sai dai idan za ka shiga Yuganda fiye da sau ɗaya.

Abu biyu kuma ba su shafi hatimi ba amma suna ɓata shiri. Izinin ganin gwaggon biri a gandun dajin tsaunukan arewa daban ake sayensa, dala 1,500 ga baƙo, kodayake hukumar kan yi wa masu fasfon Afirka rangwame. Mutum takwas kaɗai ke ziyartar kowane garke a rana, awa ɗaya, kuma ba a shiga da wanda bai kai shekara 15 ba. Sai Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, ranar aikin gayya da suke kira Umuganda: shaguna a rufe, motoci ba sa yawo har wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Wanda jirginsa zai tashi da hantsin ranar ya shirya motar otal tun daren Juma'a.

Maldibi

Tsibirai ne kusan 1,190 a Tekun Indiya, ƙasar Musulmi gaba ɗaya, kuma tana bayar da bizar kwana 30 kyauta a bakin shiga ba tare da bambanta fasfon Najeriya da na Nijar ko Gana ba. Ana iya ƙara wa'adin har ya kai kwana 90 gaba ɗaya, da biyan kuɗi. Abubuwan da take nema: fasfo mai layukan da na'ura ke karantawa, tikitin fita, shaidar kama ɗaki a masaukin da ke da rajista da gwamnati, da kuma fom ɗin IMUGA da ake cikewa ta intanet cikin awa 96 kafin isa. Fom ɗin kyauta ne. Akwai shafuka masu kama da na gwamnati da ke karɓar kuɗi su cike maka shi, kuma su ne sukan fara bayyana idan ka bincika. A dokarsu ya isa fasfo ya kasance da sauran wata ɗaya, amma kada ka dogara da wannan, domin kamfanin jirgi da ƙasar da za ka yada zango sukan nemi wata shida.

Kalmar "mai rajista" ita ce tarkon. Ɗakin da wani ya ce zai ba ka a gidansa, ko adireshin da ejan ya rubuta don cike gurbi, ba ya wucewa. Tun 2009 aka yarda mazauna tsibirai su buɗe ƙananan masaukai, shi ya sa wurare irin su Maafushi da Hulhumale suke da ɗakuna masu araha da ke kan rajista, ba sai otal ɗin da aka gina a kan ruwa ba.

Shigar kyauta ce, zaman ne ke cin aljihu, kuma harajin ba ya fitowa a farashin da aka fara nuna maka. Daga Janairun 2025 harajin muhalli dala 12 ne kowane mutum kowane dare a manyan wuraren shaƙatawa, dala 6 a ƙananan masaukai. A kan kuɗin ɗaki da abinci akwai kashi 10 na hidima, da harajin yawon buɗe ido da ya koma kashi 17 daga Yulin 2025. Sannan babban filin jirgin ƙasar, Velana, a kan tsibirinsa yake, masaukinka na iya zama a wani tsibiri mai nisa. Ƙananan jiragen sama masu sauka a ruwa da rana kawai suke tashi, wanda ya iso bayan la'asar sakaliya zai kwana kusa da filin jirgi ya biya ɗaki biyu a dare ɗaya. Jiragen ruwa na gwamnati masu araha kuma galibi ba sa aiki ranar Juma'a.

A kwastan ba a shiga da giya, naman alade ko gumaka, wanda bai dami mafi yawan masu karanta wannan ba. Abin da zai iya shafar matasa shi ne sigarin lantarki: an hana shigo da shi tun Nuwambar 2024.

Morishas

A nan fasfo ya fi yin magana. Ɗan Gana yana shiga ba biza har kwana 90. Ɗan Nijar ana ba shi biza a bakin shiga ta kwana 60. Ɗan Najeriya kwana 14 kacal. Mai fasfon Sudan sai ya nemi biza tun kafin ya taso. Babu kuɗin biza ga ɗan yawon buɗe ido, sai fom ɗin intanet mai suna All-in-One da ake cikewa kafin tashi, a buga shi a takarda a riƙe a hannu, shi ma kyauta.

Hukumar fasfo da shige da fice ta ƙasar reshe ce ta 'yan sanda, kuma tambayoyinsu na ɗaukar lokaci. Suna son tikitin dawowa da aka biya, shaidar masauki na dukan kwanakin, da kuɗin guzuri da ya kai dala 100 kowace rana. Wanda ya ce zai yi kwana goma ya shirya nuna dala 1,000, ko a hannu ko a katin da ke aiki a waje tare da bayanan asusunsa a buge a takarda. Nuna manhajar banki a waya dabara ce mai rauni, don sau da yawa a lokacin layinka ba ya aiki, saƙon lambar sirri kuma ba zai shigo ba.

Ga yadda abin ke lalacewa. Ejan ya kama maka ɗaki a shafin da ba a biya nan take, ya buga maka takardar, bayan kwana biyu otal ya soke saboda katin da aka saka bai da kuɗi. Kai ba ka sani ba. Jami'i ya karɓi takardar, ya ɗaga waya ya kira otal, aka ce babu wannan suna. Daga nan duk abin da za ka faɗa ana saurarensa ne da zargi. Haka tikitin bogi da ake yi don nunawa kawai: lambar ajiyar kujera tana mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma duba ta a kwamfuta ba ya ɗaukar minti guda. Wanda aka hana shiga ana tsare shi a filin jirgi har jirgin kamfanin da ya kawo shi ya mayar da shi, kuɗin tikiti da na otal sun tafi, kuma tarihin hanawar yana nan a rumbun bayanansu. Maganin mai sauƙi ne: kwana biyu kafin tashi ka rubuta wa otal ɗin da kanka, su tabbatar maka da ɗakin da sunanka kamar yadda yake a fasfo, ka buga amsar.

Idan wani mazaunin ƙasar ne zai sauke ka, ana bukatar wasiƙarsa da adireshinsa da lambar wayar da zai ɗauka a lokacin da ka sauka. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin makaranta ba mai masauki ba ne a idon jami'i.

Wani abu da kan tsorata baƙo ba gaira ba dalili: Morishas ta kawar da zazzaɓin cizon sauro, saboda haka jami'an lafiya sukan bi sawun wanda ya zo daga ƙasar da cutar take, su kira shi ko su same shi a masauki su ɗauki ɗigon jini. Aikinsu ne na yau da kullum, ka ba su adireshin gaskiya kawai. Magunguna masu ƙarfi irin su tiramadol da masu kodin kuwa sai da takardar likita, a cikin kwalinsu na asali, domin dokar ƙwayoyi a can ba ta da wasa. Kilishi da dambun nama da goro da duk wani iri na shuka ana bayyana su a kwastan, kuma mai yiwuwa a karɓe. Ba za ka rasa abincin halal ba ko ta yaya, Musulmi sun kusa kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar, ga Masallacin Juma'a na Port Louis, babban birnin ƙasar, da ke tsaye tun shekarun 1850.

Seshel

A takarda ita ce ta fi kowa buɗe ƙofa: tsibirai 115, jama'a 'yan sama da dubu ɗari, kuma ba ta neman biza. Ana ba baƙo izinin ziyara har na wata uku, ana iya sabuntawa har ya kai shekara. Amma kafin ka hau jirgi sai ka sami izinin tafiya ta intanet: ka ɗora hoton shafin fasfo, hoton fuskarka, bayanan jirgi da shaidar masauki, ka biya kusan yuro 11 da kati, amsa takan zo cikin awa 24. Ba tare da shi ba kamfanin jirgi ba zai ba ka takardar shiga jirgi ba.

A Yulin 2023 gwamnatin ƙasar ta taƙaita bai wa masu fasfon Najeriya wannan izini idan hutu ne ya kawo su. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Ahmed Afif, ya danganta matakin da safarar miyagun ƙwayoyi da damfara, aka ware masu fasfon diflomasiyya da masu izinin aiki ko zama. Mutane da dama sun ga ƙin amincewar ne bayan sun gama biyan jirgi da otal. Matsalar tsarin ita ce fom ɗin yana neman bayanan jirgi da masauki, wato sai ka kama su kafin ka san ko za a yarda. Mai fasfon Najeriya da ya nace sai Seshel, ya kama ɗakin da ake sokewa ba asara da tikitin da ake mayar da kuɗinsa, ya nemi izinin da zarar lokacin nema ya buɗe, kada ya biya komai da ba ya dawowa sai amsa ta zo. Tikiti irin wannan ya fi tsada, kuma a ganinmu wahalar ba ta kai ba alhali Maldibi na nan da farin yashi iri ɗaya. Mai fasfon Nijar, Gana ko Kamaru wannan matakin bai ambace shi ba, Seshel a gare shi ta fi Morishas kwanciyar hankali, tunda zai san matsayinsa kafin ya bar gida. Su ma suna da tsanani kan nama da tsirrai a kwastan.

Abin da duka huɗun suka haɗu a kai

Katin allurar shawara. Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashen da cutar take, don haka duk ƙasashen huɗu na iya neman katin, kuma sau da yawa ma'aikacin jirgi ne zai fara tambaya. Yana fara aiki kwana goma bayan allurar, wanda aka yi wa ranar Litinin zai tashi Juma'a katinsa bai nuna ba tukuna. Tun Yulin 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba a sabunta ta bayan shekara goma kamar da. A Najeriya sabon kati mai lambar da ake dubawa da na'ura shi ke aiki tun 2019, ana karɓarsa a ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita bayan an yi rajista an biya ta intanet. Katin da aka saya a bakin filin jirgi ba tare da allura ba, ana gane shi da zarar an haska lambar.

Sai suna, wanda ya fi addabar mutanenmu fiye da kowa. Fasfo ya ce Muhammad, tikiti ya ce Mohammed, katin allura ya ce Muhammadu, otal kuma an kama shi da Alhaji wane. Mutum ɗaya ne a wajenmu, mutum huɗu ne a wajen kwamfuta. Duk takarda ta bi rubutun fasfo harafi da harafi, da jerin sunayen yadda suke, ba tare da laƙabi ba. Amarya da ango su riƙe takardar aure, tunda matanmu sunan mahaifinsu suke ci gaba da amfani da shi kuma babu abin da zai nuna alaƙar a fasfo. Mai tafiya da yara ya riƙe takardar haihuwa, da wasiƙar amincewar ɗaya iyayen idan ba tare ake tafiyar ba.

Hanya ma wani shinge ce. Ruwanda kaɗai ake zuwa kai tsaye, kamfanin jirgin ƙasar, RwandAir, na tashi daga Legas. Seshel ana bi ta Addis Ababa ko Nairobi, Morishas ta Nairobi ko Dubai, Maldibi ta Doha, Dubai ko Istanbul. Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022, abin da ya rage wa 'yan arewa zagayen Legas. A sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya. Wanda ya raba ta biyu don neman rangwame dole ya fita ya ɗauki akwatinsa ya sake aunawa, fitar nan kuwa shiga ƙasa ce, tana bukatar biza, ta Dubai kuma ba ta zuwa wa ɗan Najeriya da sauƙi. Kuɗin hannu su zama sababbin takardun dala marasa yagewa, masu canji a Kigali sukan ƙi tsofaffin bugu ko su karya musu farashi. Abin da ya haura dala 10,000 ana bayyana shi ga kwastan tun daga Najeriya.

To wacce za a zaɓa? Wanda wannan ce fitarsa ta farko, fasfonsa fari fat ba hatimi, ko mai tafiya da iyali da yawa, ya nufi Ruwanda: ba fom, ba kuɗin biza, ba zango, ga unguwar Nyamirambo a Kigali da masallatanta da abincinta. Wanda teku yake so kuma fasfonsa na Najeriya ne, Maldibi, in dai ya lissafa haraji da kuɗin tsallaka ruwa tun farko. Daga Disamba zuwa Afrilu ne rani a can, kuma lokacin ne ɗaki ya fi tsada. Morishas ta dace da mai takardu tsaf da zai yi mako ɗaya zuwa kwana goma, ya kuma kauce wa watannin Janairu zuwa Maris na guguwa. Dokokin nan suna sauyawa ba sanarwa mai yawa, a duba shafin hukumar shige da fice ta ƙasar a makon da za a biya kuɗin jirgi, ba abin da wani ya faɗa bara ba.

Bayan an buga maka hatimi, kada ka bar kantar sai ka karanta ranar da aka rubuta a kai. A Morishas da Seshel jami'i yakan ba ka kwanakin da suka yi daidai da tikitin dawowarka, ba iyakar abin da doka ta yarda ba, saboda haka wanda ya ɗaga tafiyarsa da kwana uku yana iya zama mai wuce wa'adi bai sani ba. Ranar sauka ana ƙirga ta kwana ɗaya, ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka iso. Neman ƙari a Morishas ana yinsa ne a ofishin hukumar da ke Port Louis kafin ranar ta cika, da sabon tikiti da shaidar masauki a hannu, kuma ba dole ne a amince ba.